Tambayar taswira a jarrabawar IELTS: me ake rubutawa, me ake bari?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka zana IELTS, jarrabawar gwajin Turanci, ko suke koyar da ita, ina neman taimako a kan kashin farko na rubutu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Katsina, kuma hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya tana son maki 7 cikin 9 a karatu da sauraro da magana, sai 6.5 a rubutu. Tambayoyin jadawali na fara gane kansu, don akwai lambobi, ka ce wannan ya hau wancan ya sauka. Taswira ce ta tsaya mani a rai. Za a ba ka zane biyu na gari ɗaya, babu lamba ko ɗaya in ban da shekara, a ce ka rubuta kalma 150 cikin minti 20.

Wadda nake gwaji da ita wani ƙauye ne a bakin kogi, ta farko 1995, ta biyu yanzu. A ta farko akwai gonaki a gabas, 'yan gidaje a yamma, ƙaramar kasuwa a tsakiya, itatuwa a arewa, da makarantar firamare kusa da kogin. A ta biyu gonakin sun zama rukunin gidaje, wurin itatuwan ya zama tashar mota, kasuwar ta zama babban kanti, an faɗaɗa titi, an yi gada a kan kogin. Makarantar tana nan yadda take. Ga farkon abin da na rubuta:

"In 1995 there is a farm in the east. Now they remove the farm and they build houses. There is trees in the north but they cut it because population is increasing. This is bad for the environment."

A duba mani tsakani da Allah, kada a ji nauyina.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Wa alaikumus salam Anti. Wannan ai mai sauƙi ce. Akwai tsararrun jimloli da ake haddacewa, kowace taswira aka kawo sai ki canza sunayen wurare kawai. Ina da su a waya, bari in turo maki.

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Ƙofar Sauri, dakata tukuna da turowar, za mu zo kanta.

Maman Hanif, kin kyauta da kika kawo rubutun kamar yadda yake. Abin da ya fi damuna a ciki ba nahawun ba ne, duk da akwai gyara. Abu biyu ne. Na farko, kin faɗa cikin gona kai tsaye ba ki gaya mana abin da ya sami ƙauyen gaba ɗaya ba. Na biyu, kin rubuta abin da babu shi a taswira. Ina aka nuna maki cewa jama'a sun ƙaru? Ina aka tambaye ki ko sare itace abu ne mai kyau? Umarnin da ke ƙarƙashin tambayar kullum iri ɗaya ne: ki taƙaita bayanin ta hanyar zaɓo manyan abubuwa ki ba da rahotonsu, ki kuma yi kwatanci inda ya dace. Zaɓo, ba da rahoto, kwatanta. Babu dalili a ciki, babu ra'ayi.

Mai duba takarda yana auna abu huɗu, kowanne da nauyi ɗaya: cika abin da aka nema, tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, sai nahawu. A ma'aunin farko akwai abin da suke kira "overview", wato dunƙulallen bayani. Jimla ɗaya ko biyu da za su nuna kin ga babban sauyin. In babu shi, makin wannan ma'auni yana maƙalewa a 5, ko da Turancinki ya kai na Sarauniya. A taswirarki dunƙulallen bayanin shi ne ƙauyen ya tashi daga wurin noma ya koma wurin zama da kasuwanci, hanyoyin sufuri sun ƙaru, makaranta kaɗai ce ba a taɓa ba. Shi ke nan. Wannan shi ne ƙashin bayan rubutun duka.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri Malam. To amma in na faɗi wannan tun farko, me zan rubuta a sauran? Kuma a ƙarshe ba sai na yi kammalawa ba kamar yadda aka koya mana a sakandare?

Malamin Turanci:
Ba a buƙatar kammalawa a wannan kashin. Wasu suna ajiye dunƙulallen bayanin a ƙarshe, kuma ana karɓa, amma ni ina ce wa ɗalibaina su sa shi nan da nan bayan gabatarwa. Dalili kuwa, minti 20 ba ya jiran kowa. In lokaci ya ƙure maki gara a ce jimlar gada ce ba ki rubuta ba da a ce ƙashin bayan ne babu. Sauran sakin layi biyu kuma nan ne za ki warware: me ya koma me, a ina.

'Yar Daura:
Na zana tawa a Kano, kuma ina goyon bayan Malam a kan lokaci. Ku tuna awa ɗaya ce ta rubutu duka, kuma kashi na biyu mai kalma 250 nauyinsa ya ninka na farko. Duk wanda ya zauna yana ƙawata taswira har minti 30, daga aljihun kashi na biyu ya sata. Sannan Yaya Maman Hanif jarrabawar iri biyu ce, ki tabbatar ta Academic kika yi rajista, don ita ce ake nema a wurin ma'aikatan jinya. Ta General Training wasiƙa ake rubutawa a kashin farko, ba taswira a ciki.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Malam Allah ya gafarta, ni dai ban ga laifin hadda ba. Mu da muka tashi da allo, hadda ce ƙarfinmu. In mutum ya riƙe jimla goma masu kyau, me zai hana ya zuba su? Ai ba sata ba ce. Kuma ba kowa ke da lokacin zama koyon nahawu daga tushe ba, Anti tana aikin dare, ga yara.

Malamin Turanci:
Ban ce hadda laifi ba ce, abin da ake haddacewa ne abin dubawa. Ka riƙe tsarin: gabatarwa, dunƙulallen bayani, sakin layi biyu na filla-filla. Ka riƙe aikatau ɗin sauyi da abin da kowanne ke nufi. Wannan duk hadda ce mai amfani. Abin da nake ƙi shi ne doguwar jimla da aka ɗinka wa wata taswira a zo a ƙaƙaba wa wata. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta cewa gari ya samu gagarumin sauyi ya zama na zamani, alhali taswirar ɗakin karatu ce aka matsar da tebura aka ƙara ƙofa ɗaya. Mai duba takarda aikinsa ke nan kullum, yana gane jimlar aro daga ganin yadda ta fi maƙwabtanta tsayi da sheƙi. Jimla ta farko kamar ta farfesa, ta biyu "they cut it". Ka ga ai asiri ya tonu.

Haka kuma kwafe tambayar kalma da kalma a matsayin gabatarwa. Abin da ka kwafo daga takardar tambaya ba a lissafa maka shi. Dole ka juya shi da bakinka.

Ɗan Ƙofar Sauri:
To na ji wannan. Amma ni har yanzu ina ganin jimlar buɗewa guda ɗaya da ta dunƙulewa guda ɗaya ba za su cutar ba. "The two maps illustrate" da "Overall, it is clear that". Waɗannan ai kowa na amfani da su.

Malamin Turanci:
Waɗannan ba komai, ƙofar shiga ce kawai. Abin da ya biyo bayansu ne dole ya fito daga taswirar da ke gabanka.

Baba Safiyo:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan jarrabawa ba ne, jikata ce ta sa ni a wannan zaure don tana shirin tata. Amma aikin awon ƙasa na yi har na yi ritaya, don haka ku ba ni dama in ce wani abu a kan taswira ita kanta, Turancin na bar wa Malam.

'Yata Maman Hanif, kafin ki ɗora alƙalami, idonki ya fara neman abu uku. Kibiyar da ke nuna arewa. Sannan akwatin alamomi da ke gefe, wanda ke gaya maki wannan ɗigo-ɗigon itace ne, wancan layin titi ne ko layin dogo. Sannan abin da bai motsa ba a zanen biyu. Mu a wurin aiki ba ma fara awo sai mun sami abin da muka tabbata yana nan inda yake, dutse ko rijiya ko tsohon gini, daga nan ake jan igiya. A taki taswirar kogi ne da makaranta. To duk abin da za ki faɗa ki jingina shi da su: arewa da makaranta, tsallaken kogi, gabas da gada. In kika yi haka mai karatu ba zai ɓace ba ko da bai ga zanen ba.

Kuma mu Hausawa muna da wata baiwa a nan da ba mu san darajarta ba. Yaro ƙarami a Katsina in ka tambaye shi hanya zai ce maka ka yi gabas, in ka kai masallaci ka yanki kudu. Salla ta koya mana alƙibla tun muna ƙanana. Akwai mutanen da sai sun tsaya sun yi tunani kafin su san ina ne yamma. Mu a jininmu yake.

Malamin Turanci:
Baba Allah ya ƙara girma, wannan darasi ne cikakke. Bari in ɗora a kai, don a nan ne ɗalibai suke zubar da maki ba su sani ba. Da Hausa muna cewa Katsina tana arewacin Najeriya, amma Nijar tana arewa da Najeriya. Na farko a ciki take, na biyu a waje. Turanci ma haka ya raba su: "in the north of" shi ne arewacin, "to the north of" shi ne arewa da. Daura tana gabas da birnin Katsina, don haka "to the east of". In ka rubuta "in the east of Katsina city" ka ɗauko Daura da rijiyar Kusugu ka shigo da su cikin ganuwa. Wanda ya riƙe bambancin a Hausarsa ba zai rikice ba.

In kuma taswirar ba ta da kibiyar arewa, kamar zanen cikin gini, sai a koma dama da hagu, kusa da ƙofar shiga, daura da matakala, a ƙuryar sama.

'Yar Daura:
Malam a yi maganar "they" ɗin nan. Ni ita ta fi ba ni wahala lokacin da nake shiri.

Malamin Turanci:
Yauwa. Maman Hanif ta rubuta "they remove", "they build", "they cut". Su wa? Taswira ba ta nuna wanda ya yi aikin ba. Da Hausa ba ma shan wannan wahala don muna da "an". An rushe, an gina, an faɗaɗa. Ba mu ce gwamnati ba, ba mu ce mai unguwa ba. To abin da ke tsaya wa "an" a Turanci shi ne a juya jimla, abin da aka yi wa aikin ya zo gaba: "the trees were cut down", "a bridge was built". Duk inda zuciyarki ta ce "an", hannunki ya rubuta haka.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. "An rushe" ɗinmu ɗaya ne, ko jiya ne ko shekara hamsin. Turanci kuwa sai ya tambaye ki shekarun da ke saman taswira. In duka biyun sun wuce, misali 1980 da 2010, sai "was demolished". In ta biyun an rubuta yanzu ko yau, kamar taki, sai "has been demolished", don sauyin ya taho har zuwa yau. In kuma ta biyun shiri ne na gaba, sai "will be demolished" ko "is going to be". Don haka abu na farko bayan waɗanda Baba ya lissafa, ki kalli shekarun ki yanke hukunci tun kafin ki fara, ki rubuta shi a gefen takardar tambaya in a takarda kike zanawa. Yawancin masu rikicewa a tsakiya suke canza lokaci ba su lura ba.

Ku ɗauki garinmu ku gwada. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, an mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Wannan "was relocated" ne, makarantar ce ta tashi. Ginin kuwa bai tashi ba, yana nan an mai da shi gidan tarihi, wannan "has been converted into a museum". Gini ɗaya, aiki ya canza. A Ƙofar Ƙaura an yi gadar ƙasa, "an underpass has been constructed". Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke hanyar Dutsin-ma, taswirar 1987 lokacin da aka ƙirƙiro jiha ba za ta nuna ta ba, ta yau za ta nuna. Hasumiyar Gobarau kuwa tana tsaye inda take. Kun ga a gari ɗaya mun sami tashi, da sauya aiki, da sabon gini, da abin da ya zauna.

Ku kula da "replaced by" da "converted into". In an rushe kasuwa an gina kanti a wurin, maye gurbi ne. In ginin yana nan aka sauya abin da ake yi a ciki, juyawa ce. Taswira takan nuna bambancin ta siffar ginin, in siffar ba ta canza ba sai suna, to juyawa ce.

'Yar Daura:
Na shiri na gaba kuma ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Ni da shi na koyi "will be". Nakan zauna in ce, in an zana Daura yau da Daura bayan an gama aikin, me zan rubuta? Tasha za ta kasance a wuri kaza, layin zai ratsa ta gefe kaza. Ko Jami'ar Sufuri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kawo mana, duk kayan gwaji ne, da can babu su yanzu akwai.

Sai dai Malam akwai inda nake da ja da yadda wasu ke koyarwa. Suna cewa sakin layi na uku a kwatanta taswirar farko, na huɗu a kwatanta ta biyu. Ni ban ga hikimar ba. Ka ɓata kalma hamsin kana cewa akwai gona, akwai kasuwa, akwai itace, ba ka faɗi sauyi ko ɗaya ba. Sannan ka dawo ka sake ambaton su duka. Ni raba garin nake yi gida biyu, ko gabas da yamma, ko wannan gefen kogi da wancan, ko kuma gine-gine a sakin layi ɗaya hanyoyi a ɗaya. Kowace jimla ta ɗauko da da yanzu tare: gonakin da ke gabas a 1995 an maye su da gidaje. Kwatancen ya shigo da kansa.

Malamin Turanci:
Ƙanwata, duka biyun ana karɓa, kuma na ga an ci maki mai kyau da kowanne. Amma in za a tambaye ni zaɓi, naki na fi so, saboda dalilin da kika faɗa. Hanyar taswira bayan taswira tana da amfani ga wanda nahawunsa bai zauna ba, don sakin layi ɗaya lokaci ɗaya, ba ya rikicewa. Illarta kuma tana jan mutum zuwa lissafi irin na "there was, there was, there was". Taki tana tilasta jimla mai rassa, irin "which stood in the centre", kuma ma'aunin nahawu yana son ganin irin waɗannan. Wanda ke neman 6.5 zuwa sama, taki ce hanya.

Abban Sadik:
Ni tambayata daban ce, a yi haƙuri. Duk wannan wahala don a tafi Ingila ne? Asibitocinmu fa? In kowace nas ta koyi zana gada da Turanci ta tafi, wa zai duba iyayenmu?

Maman Hanif:
Abban Sadik maganarka tana da nauyi, kuma ba na jin akwai wadda ke shirin nan ba ta kwana da ita a rai ba. Kowa da dalilinsa da abin da ya baro a gida. Kuma ba duk mai zana jarrabawar nan ne zai tafi aiki ba, da yawa karatu za su ƙaro su dawo. In ana so a buɗe mata zance na daban zan shiga, amma a nan a bar ni in gama da taswirata.

Mai kula da zaure:
Haka ne. Abban Sadik a buɗe sabon zance, za a tattauna. A ci gaba.

Baba Safiyo:
Malam, akwai abin da ka faɗa tun farko da ya tsaya mani, na yi ta juya shi. Ka ce kada ta faɗi dalili, kada ta faɗi ra'ayi. Ni wannan bai kwanta mani ba. Na san ganuwar garin nan lokacin da take ganuwa, mutum ya hau kanta ya hango gonaki har iya ganinsa. A idona aka yi ta cin ta, wannan ya ɗebi ƙasa ya yi bulo, wancan ya yanki fegi, ruwan sama ya ƙarasa sauran. Kududdufan da ke shanye ruwan unguwanni an cike su an yi gini, yanzu ruwa kaɗan sai ka ga ya shiga ɗakunan mutane. In aka ajiye mani taswirar Katsina ta da da ta yau aka ce in rubuta "an cire ganuwa, an gina gidaje" in yi shiru, ai na yi ƙarya da shiruna. Yarinyar nan da ta ce sare itace ba shi da kyau, gaskiya ta faɗa. Mu da hamada ke ƙwanƙwasa mana ƙofa, a ce wai kuskure ne ta faɗa? Wane irin ilimi ne ke koya wa yaro ya ga ɓarna ya kame bakinsa?

Malamin Turanci:
Baba, wallahi abin da ka faɗa a kan ganuwa da kududdufai yana ci mani rai kamar yadda yake ci maka, kuma ban ce ta yi ƙarya ba. Abin da nake cewa, jarrabawar ta raba aikin gida biyu da gangan. Kashi na biyu, mai minti 40, nan ne ake cewa kawo ra'ayinka ka kare shi, kuma batun birane da muhalli yana cikin abin da ake yawan tambaya. A can duk abin da ka faɗa yanzu zinariya ne. Kashi na farko kuwa wata fasaha ake gwadawa: za ka iya faɗin abin da ke gabanka daidai, ba ragi ba ƙari, ba tare da ka cusa abin da kake zato ba? Ƙauyen da ke takardarta ba Katsina ba ne. Ba mu san ko itatuwan sun mutu ne da kansu ba, ba mu san ko an dasa wasu a inda zanen bai kai ba. Kai ka san dalilin ganuwa don ka gani da idonka. Ita ba ta ga komai ba sai zane biyu.

Maman Hanif:
Baba, ina jin na gane abin da Malam ke nufi ta hanyar aikina. In zan miƙa aiki da safe, abin da nake rubutawa a rahoto shi ne zafin jikin majiyyaci ya kai kaza da ƙarfe kaza, ya yi amai sau kaza, an ba shi magani kaza. Ba na rubuta cewa ina jin abincin gidansu ne ya jawo, ko da zuciyata ta raya mani haka. Wanda ya karɓe ni yana buƙatar abin da na gani tsantsa, don a kansa likita zai yanke hukunci. Zatona in na cusa shi zai iya karkatar da su. Amma in an zauna taron duba majiyyata aka tambaye ni me nake gani, nan zan buɗe baki.

Baba Safiyo:
To 'yata, wannan na yarda da shi, don mu ma a takardar awo ba ma rubuta wa ya ci iyakar wa, tsawo da faɗi muke rubutawa, alƙali ya yi sauran. Amma ina nan a kan bakana cewa a koya wa yaran nan kashi na biyun da kyau, kada su saba da shiru. Allah ya yi maki albarka.

Maman Hanif:
Amin Baba. Malam ga gyaran da na yi, dunƙulallen bayani da sakin layi ɗaya:

"Overall, the village has changed from a farming area into a residential and commercial one, with better transport links, while the school has been remained the same. The farmland in the east has been replaced by a housing estate, and the trees to the north of the market have been cut down to make way for a bus station. The market, which stood in the centre in 1995, has been replaced by a supermarket."

Malamin Turanci:
Madalla, tsakanin wannan da na farko akwai tafiya mai nisa. Gyara ɗaya babba: "has been remained" ba ya yiwuwa. Ba wanda ya zaunar da makarantar, ita ce ta zauna. Da Hausa ma ai ba ki ce "an" ba, cewa kika yi tana nan. Don haka "has remained the same". Ɗalibi in ya koyi juya jimla yakan ɗauki zafi ya juya har abin da ba ya juyuwa, irin su "remain" da "disappear" da "happen". Ki kiyaye waɗannan ukun.

Na biyu ƙarami ne, kin maimaita "replaced by" sau biyu kusa da juna. Na kasuwar ki ce "has given way to" ko ki ce an rushe ta an gina kanti a wurin. "To make way for" da kika sa ya yi daidai, don ba dalili kika ƙirƙiro ba, zanen ne ya nuna tashar ta hau wurin itatuwan.

Saura titi da gada, su ne sakin layinki na ƙarshe, ki haɗa da gidajen yamma in sun ƙaru ko ba su ƙaru ba. Ki ƙirga kalmomin, ki nufi 160 zuwa 190. In a kwamfuta za ki zana, tana nuna maki adadin da kanta.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Malam to ni ma zan gwada ba tare da jimlolin wayata ba, in ga abin da zai fito. A ba mu aiki.

Malamin Turanci:
Kowa ya ɗauki farar takarda ya raba ta biyu. A hagu ka zana unguwarku kamar yadda ka san ta kana firamare, a dama yadda take yau. Ka sa kibiyar arewa da shekara a saman kowanne. Ka ɗora agogo minti 20 ka rubuta. A turo hoton zanen tare da rubutun zuwa daren Alhamis. Baba, in ba za mu takura maka ba, kai za ka duba mana zanen, ni in duba Turancin.

Baba Safiyo:
Na karɓa. Amma duk wanda ya turo zane ba kibiyar arewa, zan mayar masa da abinsa ya sa ta tukuna.